Kada Ki Baro Gonarki a Lokacin Firi

Makera, Kaduna.
Ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa lafiya, kin sami ɗaki da abokan zama na kirki, kuma ruwan wurin bai ɓata miki ciki ba. Allah Ya tsare ki a aji, Ya tsare ki a gona, Ya raba ki da maciji da sharrin mutum. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Ba zan cika ki da labarin gida ba, domin ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Tun ranar da muka raka ki tasha ban sami natsuwa ba. A masaƙa zare ya tsinke a injina ina tsaye a gabansa ban gani ba, sai da helma, shugaban sashenmu, ya zo ya dafa kafaɗata ya tambaye ni ko lafiya. Ga abin da ya jawo. Lokacin da nake wajen yaron mota ina duba yadda yake ɗaure akwatinki, na ji kin ja kawunki Sale gefe kina tambayarsa a hankali, ko aikin akawun nan da ya samo miki wajen ɗan kwangilar matatar mai ta Rido zai jira ki idan karatun bai yiwu ba. Ya ce miki zai riƙe miki shi har ƙarshen damina. Kin zaci ban ji ba. Na ji, kuma ban ce komai ba, saboda ni da ke halinmu ɗaya ne, magana a gaban mutane tana yi mana nauyi. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunanki sai dai in ce Uwata, amma shirun nan naki a wurina kika gado shi.

Na san abin da ya tsorata ki, don ni ma ya tsorata ni. Gwamnati ce ta ɗauki nauyinki a kwalejin aikin gona. Ita za ta biya kwas ɗin, ta ciyar da ke, ta ba ki alawus, in kin gama kuma ki yi mata aikin malamar gona. Amma kowa yana jin rediyo, kullum maganar ɗaya ce, a tsuke bakin aljihu. Kuma kina nan ranar da ɗan gidan Baba Bulus tela ya shigo gaishe da Innarki. Shi da yake shekara ta biyu a wata kwaleji irin taku, ya zauna yana ba da labarin yadda alawus yake yin watanni bai zo ba, da yadda miyar ɗakin cin abinci ta tsinke har mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Kowa ya yi dariya ban da ke. Kina wanki a tsakar gida, na ga hannunki ya tsaya a cikin kumfa.

Ba zan ce miki yaron ƙarya yake ba. Mai yiwuwa ne kuɗin ya makara, mai yiwuwa ne a rage shi. Ni ban isa in yi miki alkawari a madadin gwamnati ba. Abin da nake da shi kawai shi ne abin da ya same ni, shi zan ba ki.

Kin san na yi makarantar horar da manoma kafin in zo Kaduna. Ba ɓoyayyen abu ba ne, kawunki ma da shi yake tsokanata. Abin da ban taɓa zama na warware miki ba shi ne yadda aka yi na baro ta.

Bayan na gama elemantare, gwamnatin wancan lokaci ta ɗebi samari daga ƙauyuka, ni ma sunana ya shiga. Ana ciyar da mu, ana ba mu ɗan abin sayen sabulu, ana koya mana noma da shanu. An ce duk wanda ya gama za a haɗa shi da bijimai biyu da garma ya koma garinsu. Kowane ɗalibi an yanka masa gonarsa, an kafa turke da lambarsa, kuma gonar nan ita ce jarrabawarsa. Na shuka gyaɗa da dawa da ɗan auduga. Malaminmu sunansa Malam Tanko, gajere ne, kullum da gajeren wandon kaki. Da sassafe yake bin kunyoyinmu ɗaya bayan ɗaya, hannunsa a baya, ba ya yabo ba ya zagi. Wata rana ya tsaya a bakin gonata ya daɗe, sannan ya ce huɗata ta miƙe. Na kwana biyu ina jin daɗin wannan magana.

Sai alawus ya makara. Wata ya wuce, wani ya kama. Samari suka taru a gindin ɗorawa, wani dogo mai baki da ake kira Audu ya ce mu ɗunguma gaba ɗaya mu tafi ofishin lardi, kada mu dawo sai da kuɗinmu. A makon nan kuwa an yi ruwa mai kyau, ciyawa ta fara tsirowa siriri kamar gashin jariri. Lokacin firi ke nan, noman farko, wanda in aka yi shi a kan kari fartanya kawai za a ja sama-sama a wuce. Malam Tanko ya zo ya same mu. Bai hana mu ba. Ya ce:

"Haƙƙinku ne, ban ce kada ku nema ba. Amma ku yi firi tukuna. In ba za ku iya jira ba, ku tura mutum biyu, sauran su riƙe musu gonakinsu."

Audu ya ce ai Malam ya riga ya karɓi albashinsa, shi ya sa yake da haƙuri. Aka yi dariya. Ni a raina na san maganar Malam ce daidai. Ba yunwa nake ji ba, domin ana dafa mana tuwo. Amma da aka ce duk mai zuwa ya tashi tsaye, na ga waɗanda ke kusa da ni sun tashi, sai na kasa zama. Wannan kawai ya kai ni. Ban iya cewa a'a ba.

A ofishin aka ce mu dawo gobe. Gobe aka ce mai sa hannu ya fita rangadi. Muka sauka a zauren wani ɗan'uwan Audu, muna zuwa muna dawowa. Ruwa kuwa bai fasa ba. Duk lokacin da na ji shi a kan rufin kwano sai in tuna gonata, don na san abin da yake shayarwa. Na so in sulale in koma ni kaɗai, na ji kunyar a ce na yi tsoro. Da muka gaji muka dawo hannu wofi, na tarar harƙiya da ƙiri-ƙiri sun saƙa gonata kamar tabarma. Gyaɗar ta yi rawaya, audugar sai an sunkuya an buɗa ciyawa kafin a gan ta. 'Yan kaɗan da suka ƙi bin mu, gonakinsu fes. Kuɗin kuma ya zo daga baya a motar da ta saba kawo shi, aka biya kowa, da wanda ya je da wanda bai je ba.

Har nan ban rasa komai ba, Uwata, ki lura da wannan. Malam Tanko ya same ni tsaye a bakin gonar, ya duba, ya ce rabi zai tashi in na fara a ranar. Na ce to. Ban fara ba. Gonata tana bakin hanyar da kowa yake bi zuwa rijiya, na kasa jure a riƙa wucewa ana ganina sunkuye a cikin wannan dajin. Na ce sai gobe da sassafe kafin mutane su fito. Gobe ta yi, ciyawar ta ƙaru, kunyar ma ta ƙaru. Ranar kasuwa na ji wani yana cewa masaƙu a Kaduna suna ɗaukar ma'aikata. Na naɗe tabarmata na bi mota, ban yi wa Malam Tanko sallama ba. Ba korata aka yi ba, kuma ba rashin kuɗin gwamnati ya fitar da ni ba. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane cewa rashin biya ne, har ni ma na kusa yarda.

An gaya mini ku ma za a yanka wa kowa gonarsa. To in alawus ya makara, 'yan'uwanki ɗalibai suka tashi neman haƙƙinsu, ban ce ki ware kanki ba, ban ce ki zama 'yar rahoton hukuma ba. Amma ki dubi gonarki kafin ki dubi hanya. In lokacin firi ne, ko lokacin sa taki, kada ki je ko'ina. Na san ki, in aka taru aka zuba miki ido ba za ki iya cewa a'a ba. Don haka kada ki ce a'a. Ki ce musu su je, ke za ki riƙe musu gonakinsu. Babu wanda zai zage ki a kan wannan, kuma kin taimaka ke nan. Ki riƙa maimaita maganar a ranki tun yanzu, don ta fito da sauƙi ranar da ake bukatarta. Ni da na tanadi ko da jimla ɗaya a bakina, da na zauna.

In kuma kin ɓata wani abu, ko kin faɗi jarrabawa, ko shukarki ta lalace, ki koma kansa a ranar, da rana tsaka, kowa yana gani. Za su kalle ki, wani ma zai yi magana. Zuwa jibi sun manta, sun koma kan wani. Ni ne ban manta ba har yau.

Ba na zagin masaƙa. Ita ta yi mini aure, ita ta biya muku makaranta, ita ta rufa mana wannan ɗaki. Amma abin da na iya a cikinta inji ɗaya ne, kuma injin ba nawa ba ne. Yanzu kina gani da idonki, a yi aiki mako biyu a ce mu tafi hutun dole, wai babu kayan gyara, wai auduga ta yi ƙaranci. Ranar da aka fara gaya mana cewa auduga ce babu, na tsaya a gaban injin da aka kashe, na tuna ni aka koya wa shuka ta a layi, da tazararta, da lokacin feshinta. Ban gaya wa kowa ba. Kullum ana raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, kowa yana kallon fuskar helma da safe ko zai gane wani abu.

Kada ki ɗauka waɗanda suka gama makarantar nan sun yi arziki. Bara na haɗu da Yakubu, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi bin mu ofis. Ya shigo Kaduna neman tayar babur, babur ɗin ma duk an ɗaure shi da roba. Malamin gona ne yanzu. Ya yi ta ƙorafi cewa su ma albashi yana makara, man da za su zaga ƙauyuka ma da kuɗinsu suke saya. Amma da na tambaye shi yadda suke fama da layin kayan masarufi, sai ya ce shi dai sabulu da sukari yake nema, hatsi bai taɓa saya ba tun da ya yi aure. Bai faɗa don ya nuna mini ba, hira ce ta kawo. Na raka shi har bakin titi.

Aikin Rido kuwa, na san yana da daɗin ji. Ofis ne da fanka, kuma ana biya a ƙarshen wata. Amma na ɗan kwangila ne. Ranar da kwangilarsa ta ƙare zai kulle ofis ya tafi, ya bar ki da iya buga tafireta, tare da 'yan mata ɗari da su ma suka iya.

Akwai wani abin kuma da nake so ki sani, don irin aikin da za ki yi ne. Kin tuna shekarar da abinci ya yi tsada, mu ma'aikatan masaƙa muka roƙi Gbagyi suka ara mana fili a bayan Gonin Gora, muna zuwa da kekuna ran Lahadi. Daga nan kawunki ya laƙaba mini Manomin Lahadi. Wata rana aka turo mana malamar gona, yarinya ce 'yar Filato mai suna Rifkatu, ba ta girme ki da yawa ba. Ta zo da takalmin roba da ya yi mata yawa, muryarta ƙasa-ƙasa, sai an matso ake jin ta. Ta ce za ta nuna mana yadda ake sa wa masara takin zamani. Ta fito da marfin kwalbar lemo da ɗan tsinke. Ta ce a huda rami nesa da gindin masarar kamar tsawon yatsa, a zuba cikin marfi ɗaya, a rufe da ƙasa.

Mu kuwa manya ne, kowa da furfurarsa, kuma mun sha wahalar layi kafin mu sami takin nan. Ni da ba na magana a taro, ranar bakina ya buɗe. Na ce:

"Malama, masara ce ko jariri, da za a riƙa ba ta magani da cokali?"

Aka fashe da dariya. Wani abokin aikinmu ɗan Binuwai har da buga cinya, yana cewa da Turancin kasuwa wai gwamnati ta turo mana nas. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta roƙi a ba ta layi ɗaya a gonata, ta durƙusa ta bi shi daga farko har ƙarshe da marfinta, ta kafa kara a bakinsa, ta yi mana sallama. Bayan ta tafi na ɗebi taki da tafin hannu na riƙa jibga wa kowace masara a gindi, ina cewa bari ta ƙoshi. Lahadin da ta biyo na tarar ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Layinta kaɗai ya tsaya kore shar. Wannan darasi yana cikin abin da Malam Tanko zai koya mana bayan firi, ni kuma lokacin ina Kaduna.

Da ta dawo na so in ɓuya a bayan bukka, ta riga ta gan ni. Ta dubi gonar, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ce, "Baba, har yanzu akwai lokacin sake shuka. In zo mu yi tare?" Masarar da kuka ci a waccan shekarar, ta shuka ta biyun ce.

Za ki haɗu da tsofaffi irina, Uwata, da yawa. Za su ce yaushe aka haife ki, za su ce mace me ta sani a gona, za su yi miki ba'a a gaban jama'a. Ki sani yawanci ba ƙiyayya ba ce. Ni dai kunya ce ta sa ni, don na ga yarinya ta san abin da ya kamata a ce na sani. Kada ki yi musu da su, kada kuma ki yi kuka a gabansu. Ki roƙi layi ɗaya ki yi shi da hannunki, ki tafi. In kin dawo kin tarar abin da kika faɗa ya tabbata, kada ki tuna musu. Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai hannunki ya iya aikin da gaske. Ɗan Baba Bulus ya ce in kuɗi ya yi ƙaranci abin da ake fara yankewa shi ne aikin fili, a ce babu man tarakta, a zaunar da ɗalibai a aji suna kwafar rubutu. In haka ta faru kada ki ji daɗin hutun. Ki ɗauki fartanya ki je gonarki ko ba a aike ki ba. In akwai shanun huɗa ki roƙa a koya miki riƙe garma, ko da za a yi miki dariya.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma suna hana ni sukuni. Kada ki shiga ciyawa ba takalmi. In kin taɓa maganin feshi ki wanke hannu da sabulu kafin ki ci komai, kuma kada ki yarda a zuba shi a kwalbar da ake shan ruwa. Kada ki sayar da katin abincinki ko da miyar ta zama ruwa. Akwai kuma maganar da ta fi dacewa da bakin Innarki, amma zan faɗe ta a gajarce. Lokacin da alawus ya makara, lokacin ne masu motoci suke yawaita a ƙofar ɗakin kwanan 'yan mata, kowa da tausayinsa. Wanda duk ya ce zai taimake ki, ko malami ne, ki ce masa mahaifinki yana aiko miki.

Na kuma san ina da hannu a tambayar da kika yi wa kawunki. Ranar da kika shigo da takardar ɗaukarki kina murmushi, kika durƙusa kika miƙo mini, abin da ya fito daga bakina shi ne, duk karatun nan a gona zai ƙare? Kika karɓi takardarki kika shige ɗaki. Innarki ta bari sai da kika fita ɗebo ruwa, sannan ta same ni. Ta ce ni da na gudo daga gona ga shi ina komawa da keke duk Lahadi ba wanda ya aike ni, ita kuma yarinya za ta shiga ta ƙofar gaba da satifiket ina tsuke fuska. Ta ce in kunyar kaina nake ji, kada in shafa wa 'yarta. Tun ranar nake so in ce miki ba haka nake nufi ba, na yi ta jiran lokacin da ya dace har mota ta tashi. Ina tsoron kin tafi da tunanin cewa na fi son ganinki a ofis. Ba haka ba ne. Na yi murna, tsoro ne ya riga murnar fitowa.

Yanzu ga maganar da nake ta kewayewa tun farkon takardar nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau keke na tafi unguwar Nasarawa gidan kawunki. Na same shi a ƙofar gida yana wanke babur. Da ya gan ni ya ce, "Manomin Lahadi, yau Juma'a ce fa, ko ka ɓata hanya ne?" Na ce masa ban zo wasa ba. Muka shiga zaure, na gaya masa na ji abin da kuka yi a tasha, kuma na zo in roƙe shi ya saki aikin nan, ya ba wani.

Ya daina dariya. Ya ce shi don alheri ya yi, yarinya ta san tana da wurin faɗawa in abu ya ɓaci. Na ce na sani, na kuma gode, amma ni wurin faɗawa ne ya fitar da ni daga tawa makarantar. Da ban ji labarin masaƙa a kasuwa ba, da dole na koma na shiga ciyawar nan. Na ce masa ranar da yunwa da gajiya da kewar gida suka haɗu miki, ga kuma kujera tana jiranki a Rido, ba za ki yi shawara da kowa ba, akwati za ki ɗauka.

Sai kawunki ya ce:

"Malam Idi, in gwamnati ta janye hannunta gaba ɗaya, wa zai ciyar da ita? Kai da ake cewa za a sallame ku?"

Na ce, "Ni."

Ya tambaye ni da me. Na ce da masarar Gonin Gora, da tandar wainar yayarsa Innarki, da keken nan in ta kama. Ya girgiza kai. Ya ce ba ni da ikon rufe miki ƙofa ban tambaye ki ba, ke ba ƙaramar yarinya ba ce. Na ce gaskiyarsa, amma in na tambaye ki za ki ce to don kunyata, ranki kuma yana can. Muka rabu ba daɗi, ko ruwa ban sha ba. Jiya ya aiko ƙanenki ya gaya mini an ba 'yar maƙwabcinsa aikin, gobe Litinin za ta fara.

Don haka aikin nan babu shi, Uwata. Ni na sa aka bayar, ba kawunki ba, kada ki riƙe shi a rai. Da na gaya wa Innarki, ta wuni ba ta kula ni ba. Yau da safe na ga ta shanya kuɓewa da barkono a kan tabarma, ta aiki ƙanwarki sayen daddawa. Na tambaye ta na mene ne, ta ce tun da na ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfina, ai sai a fara tun yanzu. Mun yi magana da Malam Haruna direba, wanda yake bi ta mararrabar kwalejinku duk ranar kasuwa, shi ne zai kawo miki wannan takarda. Duk ranar da abinci ya gaza ko sabulu ya ƙare, ki tsaya a mararraba ki gaya masa. Kada ki jira sai abin ya yi tsanani, kada ki ce kina tausaya mana. Abin da muke da shi za a raba, rabonki ya zo miki a mota.

Ban san ko na yi daidai ba. Na yi sallah na roƙi zaɓin Allah, amma har yanzu raina bai kwanta ba. Mai yiwuwa ne a rufe kwalejin ma gaba ɗaya, ki dawo ba karatu ba aiki, a ce mahaifinki ne ya jawo. In haka ta faru zan tsaya a gaban kowa in ce ni ne. In kin karanta wannan kin ji haushina, kina da gaskiya. Ki ji haushin a can. Ki rubuto mini shi duka, kada ki rage komai, ki ba Malam Haruna, zan karanta in karɓa. Amma kada ki kawo mini shi da ƙafarki.

Allah Ya yi miki albarka. Ya ba ki lafiya da ƙarfin jiki, Ya sanya tausayinki a zukatan malamanki, Ya haɗa ki da ƙawaye masu tsoronSa. Ya tsare ki daga ciwo da haɗarin hanya da abin da ke cikin ciyawa. Ya ba shugabanni ikon cika abin da suka ɗauka, in sun gaza kuma Ya ba mu ikon rufewa. Ya sa ranar da za ki shigo gidan nan da akwatinki, hutu ne ya kawo ki ko gamawa. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Idi.